Cuku, Dabino da Gasasshen Burodi: Abin da Nake Fita Kunyar Baƙi da Shi

Akwai wani lissafi da ba a koyarwa a kowane aji na makarantar nan, amma duk yarinyar da ta tashi a gidan Bahaushe ta iya shi. Da an yi sallama a ƙofar gida, kafin a gama amsawa an riga an ƙirga mutum nawa ne, me ya rage a kicin, nawa ne a jakar Umma. Baƙonka annabinka, da wannan aka raine mu. Ruwa kam dole ne, sai dai ruwa shi kaɗai ba ya fitar da mutum kunya. A da, lemon kwalba da ɗan cincin ko dubulan sun wadatar, in baƙon na nesa ne a aiki yaro ya sayo tsire ko balangu. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, komai ya tashi bai sauko ba, har ta kai kwalbar lemo shida da ƙunshin nama ɗaya suna cinye kuɗin cefanen yini guda. Abin da na lura da shi, kuma ba a cika faɗarsa a fili ba, shi ne zumunci ya ja baya. Mai zuwa yana jin nauyin ɗora wa mutane ɗawainiya, masu gida kuma suna fargabar a zo a tarar da su hannu rabbana. Sai kowa ya zauna a gidansa ana gaisawa ta waya.

Ni abin ya zo mini ne ta hanyar furojet. Mu shida aka haɗa a rukuni ɗaya a sashenmu na SLT, mata huɗu maza biyu, kuma da muka duba sai ya zama gidanmu ne a tsakiya. Muna Gyaɗi-Gyaɗi, a wani layi da ke bayan Court Road. Biyu daga Tarauni suke, ɗaya daga Unguwa Uku, ɗaya daga Hotoro, ɗaya daga wajen Zoo Road. Kowa adaidaita ɗaya zai hau ya iso, maimakon mu kwashi jiki mu tafi Matan Fada ranar da babu lakca. Aka tsayar da Asabar bayan azahar, a falon Baba.

Baba ya yi ritaya, da fansho ake lallaɓawa. Umma tana ɗinki a gida tana zubin adashi. Asabar ta farko ta yi mana dafa-duka da zoɓo. Ta biyu taliya da miyar kifi. A ta uku na ga ta buɗe gwangwanin da take ajiye kuɗin zubi a ciki ta zaro na cefane, to a nan ne hankalina ya tashi, don na san wannan adashin kuɗin makarantar ƙannena ne. Na ce, "Umma, 'yan ajinmu ne fa, ba baƙi ba ne. Ko ruwa aka ba su wallahi ba komai." Ko ɗagowa daga kan keken ba ta yi ba, ta ce, "Duk wanda ya cire takalminsa a ƙofar ɗakina baƙo ne. Ke dai je ki ɗauraye farantai." Wanda ya san Umma ya san an rufe wannan babin. Kuma furojet ɗin wata huɗu zai ɗauka, ku lissafa Asabar nawa ke nan.

Tunda ba za a hana ta karɓar baƙi ba, sai na nemi abin da zai cika faranti, ya yi kyau a ido, kuma kuɗin motata na sati ya iya ɗaukarsa. Lokacin da nake SIWES a ɗakin gwaji na wani kamfanin sarrafa madara, an taɓa yin taro da wasu baƙi aka kawo musu ƙananan yankan burodi da aka gasa, an shafa farin cuku a kai, an ɗora 'ya'yan itace. Loma biyu ne kowane yanki. Na ci guda ɗaya a tsaye a bayan ƙofa, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu nama a ciki ko ƙwaya ɗaya, amma manyan mutane suna ta miƙa hannu.

Matsalar ita ce cukun. Na shiga manyan kantunan Zoo Road na duba. Akwai mai hoton jar saniya tana dariya, ɗan Faransa, wanda ake yi tun 1921, guda takwas a zagayayyen kwali, kowanne bai wuce ya shafe yanki biyu ba. Akwai wasu masu sunayen da ko karanta su sai an yi da gaske. Dukkansu daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu dala yake bi. Na juya kwalin na ga kuɗin, na mayar da shi inda na ɗauko shi a hankali kamar ƙwai.

Hajiya Kaka ce ta sauya mini tunani. Tana zaune a Tarauni wajen Kawu, kuma duk ranar da na je kasuwar Tarauni cefane sai na biya na gaishe ta. Ina ba ta labarin abincin Turawa na cuku da 'ya'yan itace, sai ta kwashe da dariya ta ce, "Kishiya, ashe bokon naki bai kai ko'ina ba. Yaushe cuku da dabino suka zama na Nasara?" Ta ce tun tana yarinya Buzaye ke kawo cuku Kano, ana dakawa a zuba a fura. Da na bi diddigi sai na tarar gaskiyarta ce. A Nijar, wajejen Tawa da Abalak da Agadas, matan Buzaye da na Fulani suna yin cuku da madarar shanu ko ta awaki. Su sa wa madarar ɗan abin da ake samu daga tumbin ɗan akuya mai shan nono don ta kama, su shimfiɗa ta fale-fale a kan 'yar tabarmar kara, su shanya a rana. Shi ya sa za ka ga zane-zanen layi a jikinsa. Yana yin watanni bai lalace ba. Kuma gero da dabino da cuku a daka su tare a dama da ruwa, guzurin matafiya ne na hamada tun zamanin ayarin raƙuman da ke zuwa ɗaukar gishiri Bilma. Wato haɗa gardin madara da zaƙin ɗan itace, kakanninmu sun riga kowa saninsa a nan yankin. Burodin ne kawai baƙo a cikin tafiyar.

Shi cukun Buzaye busasshe ne, ba ya shafuwa, amma in an ɗan gasa shi aka marmasa a kan dabino yana bada wani ɗanɗano mai ƙarfi da ba kowa ke so ba. Ni ina so. Akwai kuma wara, wanda matan Fulani ke yi a ƙasar Yarbawa da Kwara da Jamhuriyar Benin, inda suke amfani da ruwan ganyen tumfafiya, tumfafiyar nan dai da ke fitowa a kowane kango, don madarar ta haɗe. Awarar da muke saya a bakin makaranta da yaji ƙanwarsa ce, da waken suya ake yinta a madadin madara, amma dabarar ɗaya ce. To duk wadda ta taɓa ganin ana awara a gidansu ta riga ta iya rabin abin da zan faɗa.

Ga yadda nake yi. Lita ɗaya ta madara nake ɗorawa a wuta. In na samu madarar shanu sabuwar tatsa, ita ce gaba. In ban samu ba, madarar gari mai cikakken maiƙo, wajen giram 130, wato kusan kofi ɗaya, a dama da ruwa ta cika lita. A duba jikin leda ko gwangwanin, don da yawa daga madarar da ake aunawa a kasuwa an cire mata man shanunta an sa man itace, kuma cukunta ba ya yin garɗi. Ina juyawa kada ta kama ƙasan tukunya, har sai ta fara ƙananan kumfa a gefe tana shirin tafasa. In madarar shanu ce ɗanya, ina barinta ta tafasa sosai tukuna, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar da makiyaya ke kira bakkale, kuma wuta ce maganinsu. Sai na sauke, na zuba ruwan lemon tsami cokali biyu zuwa uku na cin abinci, kaɗan-kaɗan, ina juyawa sau ɗaya ko biyu. Nan take za ka ga ta tsinke, fararen gudaji sun taso, ruwa mai launin ɗorawa-ɗorawa ya ware gefe.

'Yan sashenmu sun san dalili, amma bari in faɗa don 'yan Akanta da 'yan Banki. Sinadarin gina jiki mafi yawa a madara sunansa kesin. A sabuwar madara, wadda ma'aunin tsaminta na pH yake wajen 6.7, ƙwayoyin kesin suna ture juna, shi ya sa suke yawo a ruwa ba sa haɗuwa. Da tsami ya ƙaru ma'aunin ya gangaro wajen 4.6, wannan turewar sai ta mutu, su rungumi juna su dunƙule, su riƙe maiƙon a tsakaninsu. Zafi yana sa hakan ya faru tun kafin a kai can, shi ya sa lemon tsami kaɗan ke isa in madarar tana da zafi. Abin da ke faruwa a ƙwaryar kindirmo ma ke nan, sai dai a can ƙwayoyin halitta ne ke samar da tsamin a hankali cikin dare. Shekara biyu ina rubuta wannan a jarrabawa, amma sai da na gan shi a tukunyar Umma na ji ya zauna mini.

Bayan minti goma sai na juye a tsabtataccen ƙyallen tatar koko, na ɗaure na rataye ya tsane na kamar minti ashirin. Kada a matse shi kamar awara, ana so ya rage laushi. Lita ɗaya tana ba ni tsakanin giram 150 zuwa 200. Na zuba gishiri ɗan kaɗan da cokali biyu na kindirmo ko yogot marar sukari, na murje da bayan cokali har ya yi santsi ya shafu. Ruwan da ya tsane kuma ba na zubarwa, Umma tana kwaɓa fanke da shi.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ma. A juye kindirmo mai kauri a ƙyalle, a sa gishiri, a rataye ya kwana yana ɗiga. Da safe za a tarar da abu mai kauri da ɗan tsami. Wannan shi ne labna, abin karin kumallon Kwarori, 'yan Labanan ɗin da suka fi shekara ɗari a garin nan har akwai titin Beirut da sunan babban birninsu. Amma a yi shi a firji ko a tsakiyar hunturu. A watan Afrilu na Kano, da zafi ke haura digiri 40, in aka bar shi ya kwana a waje to sai dai a ba kaji.

Maganar zafin nan ba wasa ba ce, kuma a nan ne nake da tsauri. Cuku mai laushi abinci ne ga ƙwayoyin cuta kamar yadda yake abinci gare mu. Kada ya wuce awa biyu a waje, in ana tsananin zafi awa ɗaya. Tunda ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba, ni ranar da za a ci nake yinsa. Da hantsi nake ɗora madara, kafin azahar ya huce, na sa shi a roba mai murfi a cikin kula da ƙanƙarar naira kaɗan.

Burodi kuwa, wanda ya kwana ya fi, don ya fi yankuwa kuma ya fi yin ƙaras-ƙaras. Ba ni da na'urar gashi, kuma ban ga amfaninta ba a gidan da wuta ke zuwa in ta ga dama. Kasko nake ɗorawa a kan gas ko gawayi, wuta kaɗan, na shafa ɗan man shanu, na gasa kowane gefe har ya yi ja-ja. Yanka biyar na burodin leda, kowanne a raba huɗu, ya ba da ashirin, kuma cukun lita ɗaya yana isar su. Burodinmu na Kano yana da sukari da yawa, saboda haka yana saurin ƙonewa, ba a barinsa a je amsa waya. Mai tsawon nan irin na Faransa da ake ci a Maraɗi da Damagaram ya fi dacewa, don ba shi da zaƙi, sai dai samunsa a nan sai an sha yawo. Amma abin da ya fi burge ni shi ne gurasa. Gurasarmu ta cikin gari, wadda muka saba ci a bandashe da ƙuli-ƙuli, in aka tsaga ta biyu aka yanka ƙanana aka gasa a kasko, ta fi burodin leda riƙe cuku, kuma ƙamshin tanderun nan yana tafiya da dabino kamar don shi aka yi ta. Ina ganin da a ce wani otal na Legas ne ya fara wannan da tuni an sa masa suna ana sayarwa da tsada.

Sai abin ɗorawa. Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa miƙaƙƙiyar hanya ce daga Gyaɗi-Gyaɗi, titin Zariya kawai za ka bi ka wuce Asibitin Malam Aminu Kano da Unguwa Uku. Can ne ake sauke lemo da mangwaron Binuwai da ayaba da abarbar kudu, kuma can ne araha take. Amma don faranti ɗaya, kuɗin mota zai cinye ribar, saboda haka kasuwar Tarauni nake zuwa ko masu tebur na bakin titi. Dabino ne na farko a wurina: ba ya fitar da ruwa, ba ya baƙi, ana samunsa duk shekara, ko na Nijar ko na Dutse ko wanda alhazai ke tsarabarsa. In busasshe ne a jiƙa shi minti goma a ruwan ɗumi, a cire ƙwallon a yanka siri-siri. Mangwaro a lokacinsa, daga wajen Maris zuwa farkon damina, babu kamarsa, amma a zaɓi marar zare wanda bai yi luguf ba. Ayaba tana yi, sai dai da an yanka ta iska ta taɓa ta take fara baƙi, don haka a ɗiga mata lemon tsami. Abarba a ɗan gasa ta a kaskon bayan burodi, zaƙinta yana ninkuwa. Kankana kuwa a bar ta a sha ita kaɗai, in ta hau burodi cikin minti biyar ya zama jiƙo. A ƙarshe a ɗiga zuma, ɗigo ba kwarara ba, a barbaɗa soyayyen riɗi ko dakakkiyar gyaɗa. Gishirin cuku, zaƙin dabino, ƙaras ɗin burodi, ƙamshin riɗi. Kuma ba a haɗawa sai an ji sallamar baƙi, in ba haka ba burodin ya saki.

Ranar da na fara fito da shi, Umma ta leƙa tiren ta ce, "Burodi? Burodi za ki ba 'ya'yan mutane kamar masu jinya?" A wurinta burodi abin shan shayi ne da safe, ba abin tarbar baƙo ba. Na ce ta ɗanɗana ɗaya. Ta ɗauki mai dabino ta ci a tsaye, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ƙara gishiri kaɗan. Kuma ki canza tire, ɗauko na cikin kabet." Na cikin kabet ɗin nan tun na aurenta ne, sai baƙon da ake ji da shi ake fito wa da shi. 'Yan rukuninmu suka share ashirin ɗin kafin mu gama babi na biyu, ɗan Hotoron har yana tambaya wai a wane kanti aka sayo. Abin da na kashe, har da shayi mai na'a-na'a da na haɗa da shi, bai kai kuɗin lemon kwalba shida ba. Gwangwanin adashi bai sake buɗuwa ranar Asabar ba har muka kare furojet.

Babbar jarrabawar ta zo da ƙaramar Sallah, da dangin mijin da Yaya za ta aura suka ce za su zo gaisuwa, mata tara. Irin wannan zuwan kowa ya san ba gaisuwa ce kawai ba, ana kallon labule, ana kallon faranti, ana kallon wadda ta kawo farantin. Umma ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe da kaji biyu, iya ƙarfinta ke nan, kuma tana tsoron kada a ga teburin ya yi fayau kafin a kawo abinci. Ita da bakinta ta ce, "Ki yi musu abin nan naki, amma da gurasa." Na yi arba'in, rabi dabino rabi mangwaro. Wata dattijuwa a cikinsu, gwaggon angon, ta ci ɗaya ta tsaya tana juya na biyu a hannu, ta ce rabonta da jin ɗanɗanon cuku da dabino tun rasuwar mahaifinta, wanda yake fatauci zuwa Damagaram. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninta da Hajiya Kaka kan Buzayen da da furar da, aka manta da kallon labule. Da za su tafi ta ce a ƙunsa mata ragowar. Sai da na roƙe ta ta ci kafin magariba, don na ga alamar ajiyewa za ta yi wa jikoki har gobe.

Yanzu saura mana 'yan makonni mu ajiye biro. Mu 'yan difloma babu bautar ƙasa a gabanmu, sai an yi shekara guda ta sanin makamar aiki kafin a dawo HND, kuma duk wanda ya nemi wurin IT a garin nan ya san ko an samu, abin da ake bayarwa da ƙyar yake isar kuɗin mota. Kuɗin rajistar HND kuma ba na son ya fito daga gwangwanin nan. A ajinmu kusan kowace tana da abin da take sayarwa, masu turare, masu hijabi, masu samosa da sifirin rol, kuma kasuwar samosa ta cika har ta batse. Ban ga mai yin wannan ba tukuna.

Makon jiya wata maƙwabciyarmu da ta ji labari wajen Umma ta aiko tana son guda ɗari don walimar saukar ɗanta. Na zauna na lissafa: madara lita biyar, gurasa, dabino mudu guda, zuma, riɗi, gas, ƙanƙara, da ladan ƙanwata da za ta taya ni shafawa, don ɗari ba ya haɗuwa da hannu biyu kafin burodi ya saki. Na je na same ta na ce, "Anti, zan yi, amma da sharaɗi biyu. A gidanki zan haɗa, kuma a raba shi da an haɗa, kada a zuba a leda a ba mutane su tafi da shi." Ta ce ai walima ba a yi ba in ba a ƙulla wa mutane a leda ba. Na ce to a ƙulla cincin da alawa, wannan a ci a wurin. Ta ce za ta yi shawara da maigidanta ta aiko. Umma dai har ta sa an sauko mini da babban kaskonta daga saman kabet, an wanke an kife.